LACCA GA 'YAN KASUWA: KADA MU TURA ƊAN KWANA-KWANA CIKIN WUTA SABODA ATAMFA

Dattawa, malamai, sarkin kasuwa da wakilansa, 'yan tireda, 'yan koli, mahauta, 'yan dako, da iyayenmu mata masu sana'a, mutanen Jega da waɗanda suka taso daga Aliero da Maiyama, muna gaishe ku, muna kuma godiya da kuka bar rumfunanku kuka zo.

Maganar da muka kawo yau ta gobara ce. Mun san wani zai ce, to me ya rage wanda ba mu ji ba? Kowace shekara in hunturu ya kama ana yi mana gargaɗi a kashe wuta kafin a kwanta, a kula da waya, a kula da kyandir. Gaskiya ne, duk mun ji wannan. Amma akwai mutum guda wanda ba a taɓa sa shi cikin lissafi ba, shi ne ɗan kwana-kwana. In kasuwa ta ƙone, sai a ƙidaya rumfuna, a ƙidaya miliyoyin naira, manya su zo jaje da motoci, a ɗauki hoto, a watse. Ba mai tambaya mutum nawa suka shaƙi hayaƙi wajen kashe ta, ko wa ya koma gida da ƙuna a baya. Shi ne muka ce yau bari mu yi maganarsa.

Ba labarin nesa ba ne. Cikin watan Maris na 2016 babbar kasuwar Birnin Kebbi ta ƙone, a watan nan kuma wuta ta cinye dubban rumfuna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Cikin Janairu 2021 aka yi ta babbar kasuwar Sakkwato, bayan wata biyu ta Katsina ta biyo. Da yawa cikinku nan kuna da abokan ciniki a wuraren nan, waɗansu har yau ba su miƙe ba. Jega kuwa garin kasuwa ne tun zamanin kakanni, kayan da ke kwana cikinsa ba kaɗan ba ne. Aliero ga rumbunan albasa na kara da ciyawa, ga ɗakunan kwanan ɗaliban jami'a. Maiyama ga hatsi. Dukan garuruwan nan uku babbar hanya ta ratsa su, tankokin mai na wucewa dare da rana. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da Bahaushe ya ce ka yi da naka.

To, wane ne ɗan kwana-kwana? Ba ɗan sarki ba ne, ba ɗan attajiri ba ne. Ɗan talaka ne kamarmu, yana da mata da 'ya'ya, yana jiran albashi ƙarshen wata, wataƙila ma yana cin bashin gari a rumfar ɗayanku. Amma ku tuna yadda mukan karɓe shi. Motarsa ta iso, mun riga mun fusata, mu ce sun makara. Wani ya ɗauki dutse. Wani ya kama rigarsa yana ja, yana cewa ga shagona can, shiga ka fitar mini da kaya. In babbansu ya ce kada kowa ya shiga, sai mu ce matsorata ne, ko mu ce sai an ba su cin hanci. Mu ma da ke magana mun taɓa faɗin irin wannan da zafin rai, ba za mu wanke kanmu ba. Sai da muka fahimci yadda aikin yake muka ji kunya.

Ga yadda yake. Masu aikin kashe gobara a duniya sun yi hasarar mutane da yawa kafin su tsaya a kan ma'auni guda, wanda babban jami'i zai auna da shi kafin ya tura yaransa. In akwai ran mutum a ciki wanda ake iya ceto, za su sa ransu cikin babban haɗari, amma da lissafi. In dukiya ce kawai wadda ake iya tsirar da ita, za su ɗauki haɗari kaɗan. In kuwa abin ya riga ya tafi, wuta ta gama da shi, ba za su saka ran kowa ba ko kusa, sai su tsaya daga waje su tare ta kada ta ci maƙwabta.

Wannan lissafi ai ba baƙo ba ne gare ku. Ku mutanen Aliero, in za ku ajiye albasa ku jira tsada, ba kwa fara auna wadda za ta ruɓe da ribar da za a samu? Akwai mai hankalin da zai zuba dukan jarinsa don ceto buhun da ya riga ya ruɓe? Babu. To shi babban jami'in nan jarinsa mutane ne. Buhu in ya tafi ana sake nomawa baɗi. Ɗan mutane in ya tafi, wa zai je ya gaya wa uwarsa cewa don dilar atamfa ya mutu?

Dalilin da ya sa muke gardama da su shi ne, mu daga waje harshen wuta kaɗai muke gani. Ba shi ne ya fi kisa ba. Hayaƙi ne. Kayan da muke sayarwa yau ba irin na kakanninmu ba ne. Katifar soso, da leda, da robobi, da takalma, da yadin roba, in suka kama suna fid da baƙin hayaƙi mai guba. Cikinsa akwai iskar nan da ke kashe mutanen da suka kwana da janareto cikin ɗaki, ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum ya shaƙa kaɗan sai ƙafafunsa su mutu, yana ganin ƙofa ba ya iya kai wa gare ta. Ƙyallen da mukan jiƙa mu rufe hanci ba ya tare wannan iska. Abin da ke tare ta sai tukunyar iska wadda ɗan kwana-kwana ke goyawa a baya, da abin rufe fuska. Ita ma tukunyar kamar rabin sa'a take yi, in mutum na aiki da ƙarfi yana haki ba ta kai haka.

Sa'an nan ga zafi. Cikin rufaffen shago, hayaƙi mai zafi yakan taru a ƙarƙashin rufi yana gasa duk abin da ke ƙasa. In zafin ya kai wajen digiri 600, sai kome da ke ɗakin ya kama gaba ɗaya kamar ƙiftawar ido, har abin da wuta ba ta taɓa ba. Wanda wannan ya rutsa da shi a tsakiyar ɗaki, ko da rigar wuta a jikinsa, da wuya ya fita. A wajen wannan zafi kuma ƙarfe yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa. Watau rufin nan na ƙarfe da kwano da muke alfahari da shi, muna cewa ba ya cin wuta, lalle ba ya ci, amma yana lanƙwashewa ya rufto a kan wanda ke ƙasa. Mai aikin ya san alamun: hayaƙi na fita da ƙarfi ta ƙarƙashin ƙofa, bango ya tsage, kwano na ƙara. Mu ba mu sani ba. Don haka in ya ce a ja da baya, ya ga abin da ba mu gani ba.

Har wa yau akwai wata ɗabi'a tamu wadda muke yi da kyakkyawar niyya, tana kuwa kisa. Da mun ga hayaƙi sai samari su ɗauko guduma su ɓalle ƙofofi da tagogi duka. Wuta da iska take rayuwa, duk matar da ke fifita murhu ta san wannan. Wutar da ta cinye iskar ɗaki ta lafa, in ka buɗe mata ƙofa ka ba ta abinci ke nan, wani lokaci ma da bugu take fitowa. A birnin Charleston na Amurka, ran 18 ga Yuni 2007, wani babban kantin kujeru da katifu ya kama. Ana cikin aiki aka fasa manyan gilasan gaba don hayaƙi ya fita. Iska ta shiga, wuta ta mamaye kantin cikin 'yan mintoci, 'yan kwana-kwana 9 suka mutu a ciki. Waɗannan fa masu horo ne da kayan aiki. Ƙofa, a bar wa mai mesa a hannu ya ce a buɗe.

Yanzu ga inda muke so ku buɗe kunne sosai, domin nan ne ran mutanen nan yake hannunmu. Ma'aunin da muka faɗa ba ya aiki sai da labari na gaskiya. Babban jami'i baƙo ne a rumfarka. Bai san wa ke ciki ba, bai san me ke ciki ba, sai abin da ka gaya masa.

A garin Worcester, can Amurka kuma, ran 3 ga Disamba 1999, wuta ta kama wani tsohon sito na sanyaya kaya wanda aka daina aiki da shi. Dogon gini ne, kusan babu tagogi, cikinsa lungu-lungu. Aka gaya wa 'yan kwana-kwana cewa akwai waɗansu mutum biyu marasa gida da ke kwana a ciki. Saboda ran mutum, suka shiga nema. Ashe mutanen nan biyu sun riga sun fita tun da wuta ta tashi, sun yi tafiyarsu, ba su gaya wa kowa ba. Masu nema biyu suka ɓace cikin hayaƙi, iskarsu ta ƙare. Waɗansu suka shiga neman su, su ma suka ɓace, har mutum 6. Daga nan babban jami'in wurin, Mike McNamee, ya tsaya a bakin ƙofa ya tare ta da jikinsa, ya ce ba wanda zai ƙara shiga, alhali yaransa na roƙonsa ya bar su su je su ɗauko 'yan'uwansu. Ku auna nauyin wannan a zuciya. Sai bayan kwana takwas aka gama fito da gawarwakin. Wanda ya ba da labarin bai yi ƙarya da gangan ba, abin da ya sani ya faɗa. To ina ga wanda zai ce "yarona yana ciki" alhali ya san babu kowa, don dai a shiga a kashe wutar shagonsa da wuri? Wannan in wani ya mutu, ya san abin da ya ɗauka a wuyansa, malamai na nan sai su faɗa masa. In ka san akwai mutum, faɗi, ka nuna ɗakin. In ka ga ya fita, faɗi da sauri. In jita-jita ka ji, ka ce ji ka yi.

Haka kuma abin da muke ɓoyewa. Kowa a nan ya san akwai rumfunan da ke kwana da jarkokin fetur a bayan buhuna, da tukwanen gas, da maganin feshi, da manyan batura na sola. Mai su yakan yi shiru ranar gobara don tsoron tara ko kwastan. A tashar jiragen ruwa ta Beirut, ƙasar Lebanon, ran 4 ga Agusta 2020, aka kira 'yan kwana-kwana cewa wani sito ya kama. Mutum 10 suka tafi. Ba wanda ya gaya musu cewa akwai wani sinadari mai fashewa wanda aka sauke wajen tan 2,750 a wurin shekaru da suka wuce, ko da yake manya da yawa sun sani. Ya fashe, su goman duka suka tafi, tare da mutanen gari fiye da 200. Namu bai kai wannan ba, amma tukunyar gas guda in ta yi zafi ta fashe ta isa ta kashe mai riƙe da mesa. Fetur kuwa in aka watsa masa ruwa tasowa yake yi a kan ruwan, ya bi kwata yana ci, ya kai wuta layin da ba ta je ba. Tara kuɗi ce, ana biya a wuce. Ka ja babban jami'i gefe ka gaya masa a kunne in kana jin kunyar jama'a.

Wutar lantarki ma haka. Ruwa na ɗaukar ta. Kada wanda ya ce "ai an ɗauke wuta" sai in shi ya ga an yanke, domin ana iya maido ta ana tsakiyar aiki, kuma janareto ko sola na wani shago na iya kasancewa a kunne.

Sai maganar komawa ɗauko kaya. Mun san zafinta. Mutum ya tara shekara ashirin, wani ma kayan bashi ne, yana tsaye yana kallo. Ba mu raina wannan ba. Amma ku ji abin da ya faru a Tehran, babban birnin Iran, ran 19 ga Janairu 2017. Wani bene mai hawa 17, ana ce da shi Plasco, cike da shagunan tufafi da teloli, ya kama wuta. An fitar da mutane, amma waɗansu masu shaguna suka yi ta ƙoƙarin komawa don kayansu da takardunsu, 'yan kallo kuma suka cika titi. Bayan 'yan sa'o'i benen ya rushe gaba ɗaya, 'yan kwana-kwana 16 suka mutu. Duk lokacin da ɗayanmu ya kutsa cikin hayaƙi don akwatin kuɗi, ya canja lissafin. Wutar da ta dukiya ce ta koma ta rai, tilas wani ya bi shi. Cinkoso kuma mun ga abin da yake jawowa a Majiya ta Jihar Jigawa cikin Oktoba 2024, inda tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru, ta kama, mutum fiye da 150 suka rasu. Mu da ke zaune a bakin babbar hanya, wannan gargaɗinmu ne.

In kun lura da babban jami'i mai sanin aiki, za ku ga yana isowa ba ya ruga wa wuta. Yakan zagaya ginin ya duba bayansa, ya ga inda iska ke kaɗawa, ya tambayi maigadi. Mu sai mu ce yana ɓata lokaci. Aikin ke nan yake yi. Yana riƙe da lissafin wanda ya shiga da lokacin da ya shiga. Ba ya tura mutum ɗaya shi kaɗai. A Amurka tun 1998 doka ce, in biyu za su shiga cikin hayaƙi, sai da waɗansu biyu a waje cikin shiri don ceto su, sai fa in ran wani ake gani zai tafi nan take. In kuma ya ga rufi zai faɗo, yakan sa a busa ƙahon mota, alamar kowa ya fito. To in mutum ɗari biyar na ihu kewaye da motar, wa zai ji ƙaho?

Kada hukuma ta ɗauka mun zo ne mu ɗora wa talaka laifi duka. Ba mu gama ba. Tun 1963 ƙasar nan take da dokar aikin kashe gobara, jihohi kuma suna da nasu hukumomi. Mu muna biyan kuɗin rumfa, muna biyan kuɗin shiga kasuwa, mai tallan gyaɗa ma ba a ƙyale ta ba. Muna da ikon tambaya. Mutumin da aka tura wuta ba tukunyar iska, ba rigar wuta, ba hular kwano, ba takalmi, wanda ya tura shi haka shi ne ya fara sa ransa a haɗari, ba wuta ba. In kuma ya ƙi shiga, hankali ya yi. Tambayar da za mu yi wa shugabannin ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama, da wakilanmu a majalisar Birnin Kebbi, mai sauƙi ce: in wuta ta tashi a kasuwa da tsakar dare, mota daga ina za ta taso, minti nawa za ta yi, mutum nawa ke cikinta, tukunyar iska nawa gare su, kuma in ɗayansu ya ƙone ko ya mutu me za a yi wa iyalinsa? A ba mu amsa a rubuce.

Ruwa kuma fa? Mukan yi musu ba'a cewa sun zo ba ruwa. Ku yi lissafi da kanku. A ce mota ta ɗauko lita 5,000, mesa guda kuma tana zubar da lita 500 a minti. Minti 10 ke nan ruwan ya ƙare. In babu inda za a ƙara kusa, babban jami'i ba zai tura mutum ciki ba, domin ruwa ya yanke wa mutum a tsakiyar wuta mutuwa ce. Jega ga gulbin Zamfara a gefenta, amma gulbi ba ya amfani in babu mashigar da mota mai nauyi za ta sauka ta sha. Kasuwa kowace tana bukatar babban tanki ko rijiyar burtsatse wadda aka ware don wannan, ba wadda za a tarar an kulle ba.

Namu laifin kuma shi ne hanya. Layin da aka yanka don mota, yau wannan ya ƙara tebur, gobe wancan ya kafa rumfa, jibi an yi dakali, har amalanke ma da ƙyar. Mota ta tsaya nesa, a ja mesa mai tsawo, ƙarfin ruwa ya ragu, in kuma rufi ya fara faɗowa masu aikin ba su da hanyar gudu. Mun san taku guda a bakin layi kuɗi ne. Amma wanda ya toshe layi ya toshe wa kansa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da muke roƙo a yi, ba ya bukatar kwangila. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta kowane gari cikin ukun nan ta gayyaci 'yan kwana-kwana su zo da rana tsaka, lafiya lau, a zagaya da su layi-layi. A nuna musu ƙofofi, da inda ake yanke lantarki, da inda ruwa yake, da rumfunan da ake kwana ciki, da layin masu mai da gas da katifa. A rubuta cikin littafi guda, kwafi wurin sarkin kasuwa, kwafi wurinsu. A zaɓi mutum guda a kowane layi wanda shi kaɗai zai yi magana da babban jami'i ranar gobara, 'yan sintiri kuma aikinsu su ja igiya su tare jama'a da ɓarayi, samari masu ƙarfi su taimaka wajen kawo ruwa da kwashe kayan layin da wuta ba ta kai ba. Lambar wayar ofishin kwana-kwana a rubuta ta da fenti a kowace ƙofar kasuwa, masu gadi kuma a tabbata suna da kuɗi a waya, su kira da ganin hayaƙin farko, kada su tsaya sai bokiti ya gaza.

Sarkin kasuwa, littafin nan muna so mu gan shi a taro mai zuwa, kafin iskar hunturu ta yi ƙarfi. Wanda ke da tambaya ko gyara ya miƙe, muna saurare.